Tambaya: ya za a yi ƙudan zuma ɗaya tak ya faɗi asalin amya guda?

Mai Amya ya rubuta:

Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin kimiyya ku taimaka min da wani abu da ya tsaya min a rai tun satin da ya wuce. Ni dai kiwon zuma nake yi kuma gado ne, mahaifina amya yake ɗaurawa a kan ɗorawa da kaɗanya, ni kuma yanzu na haɗa da akwatunan zamani guda 12 banda amyoyin gargajiya da ke daji. To wani yaro ɗan unguwarmu da ke karatu a jami'a ya zo da wasu 'yan kwalabe da sifirit a ciki wai yana neman samfur na aikin kammala digirinsa, na ce masa bismillah, har na hura hayaƙi ina shirin buɗe masa akwati ya ɗiba son ransa sai ya ce a'a ba sai an buɗe ba a bakin ƙofa ma zai kama, kuma ƙuda ɗaya ko biyu a kowane akwati ya ishe shi. Na ce kai yaro akwati ɗaya fa akwai ƙuda dubu 20 ko fiye, ya za a yi ɗaya ya tsaya a madadinsu duka? Ya ce ai shi layin uwa yake bi, wai akwai wani abu a jikinsu mai suna maitokondiriya da uwa kaɗai ke bayarwa. Yana sauri zai kama mota shi ya sa bai tsaya ya warware min ba.

Abu na biyu da ya fi ɗaure min kai, ya ce ƙudanmu na nan wai 'yan layin A ne, kuma dangin waɗanda suka addabi mutanen Burazil da Amurka ne har ake kiransu ƙuda masu kisa. Toh ni shekara da shekaru ina cikin zuma, harbi kam na sha shi ba adadi, amma ya aka yi aka san namu da nasu dangi ne alhali teku ce a tsakani? Kuma wai da gaske ne duk ƙudan zuman duniya daga Afirka suka fito? Wanda ya sani dan Allah ya yi min bayani da Hausa yadda zan gane. Na gode.

Malamin Bayoloji ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Mai Amya. Yaron nan gaskiya ya faɗa maka, sauri ne kawai ya hana shi kwance maka ƙullin. Bari in gwada, in na yi tsawo a yi haƙuri dan abin yana son a bi shi daki daki.

Jikin ƙudan zuma kaman namu ne, ƙwayoyin halitta ƙanana ƙanana ne suka haɗu suka gina shi. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai cibiya inda babban kundin gado yake, wato DNA ɗin da ake samu rabi daga uwa rabi daga uba. To banda wannan cibiyar akwai wasu 'yan abubuwa masu yawa a warwatse cikin ruwan ƙwayar, su ne maitokondiriya, aikinsu su ƙona sukari su ba jiki ƙarfi kaman dai murhu a gida. Ƙudan zuma kuwa ya fi kowa buƙatarsu, fiffikensa na kaɗawa wajen sau 230 a daƙiƙa ɗaya, naman ƙirjinsa cike yake da su maƙil. Abin sha'awar shi ne waɗannan 'yan murhun suna da nasu DNA daban, ɗan mitsitsi, a zagaye kaman zobe. A 1993 Ross Crozier da Ching Crozier a Ostireliya suka karanta na ƙudan Italiya tun daga farko har ƙarshe, harafi 16,343 suka samu, na ɗan Adam kuma 16,569 ne, ka ga kusan tsawonsu ɗaya. Shi kuwa babban kundin cibiya na ƙudan zuma ya haura harafi miliyan 200. Ƙwayoyin gado 37 ne kacal a zoben, kuma a cikin haruffa huɗu da ake rubuta DNA da su, A da T da G da C, kusan kashi 85 cikin 100 na zoben ƙudan zuma A da T ne.

Yanzu ga inda amsarka take. Ƙwai babba ne, da ruwansa da maitokondiriyarsa duka na uwa ne. Na namiji ko da ya shiga ƙwan, kuma an ga yana shiga a ƙudan zuma, kafin tsutsa ta girma ya ɓace ba ya zama. Ke nan kowane ƙuda zoben uwarsa yake ɗauke da shi, ita kuma na tata uwar, haka har kaka da kakanni ba a gauraya shi da na kowa. To a amya uwa nawa ce? Ɗaya ce, sarauniya. Tana fita barbara a sararin sama cikin makonnin farko na rayuwarta, ta haɗu da maza 12 zuwa 20 wani lokaci fiye, ta adana maniyyinsu a wata 'yar jaka a cikinta ta yi ta amfani da shi har ƙarshen ranta. Saboda haka ma'aikatan da kake gani suna shige da fice a ƙofar akwati, in da rabon gado za a yi musu, yawancinsu li'ummai ne, uwa ɗaya uba kowa da nasa. Mazan cikin amyar ma ba su da uba sam, daga ƙwan da ba a barbara ba suke fitowa. Amma duk ɗinsu zobe ɗaya ne, na sarauniya. Shi ya sa ƙuda ɗaya ya ishi yaron, na biyun dan gudun kar ya kamo baƙo ne da ya ɓato hanya daga akwatin maƙwabta, ko kwalba ɗaya ta lalace.

Yadda ake gane dangantaka kuma, ka tuna masu kwafar littafi da hannu a da. In wani ya yi ɗan kuskuren harafi ɗaya, duk wanda ya kwafa daga nasa zai ɗauki kuskuren, wani a gaba ya ƙara nasa. In ka tara kwafi ɗari ka duba wa da wa suka yi tarayya a wane kuskure sai ka jera salsalar ka san wa ya kwafa daga wa. Haka zoben nan yake, jefi jefi harafi na sauyawa, 'ya'ya mata su gaje shi su miƙa gaba.

Akwai wani ɗan fili a zoben tsakanin ƙwayoyin gado biyu da ake kira COI da COII, shi aka fi dubawa kuma ina kyautata zaton shi yaronku zai duba dan ya fi arha. Wasu masana a Faransa, Lionel Garnery da Jean-Marie Cornuet da Michel Solignac, su suka fito da gwajin a farkon shekarun 1990. A filin akwai guntaye biyu da suka sa wa suna P da Q, shi Q kusan harafi 200 ne kuma yakan maimaita kansa sau biyu ko uku ko fiye, P kuma gajere ne. Ana ninka wannan yankin a na'ura har ya yi yawa, sai a zuba wani sinadari mai suna DraI wanda ke yanka DNA duk inda ya tarar da TTTAAA a jere, sai a duba tsawon gutsattsarin. Ƙudan Italiya da na Sulobeniya ba su da P ko kaɗan, Q ɗaya ne tal. Na yammacin Turai suna da P. Namu na Afirka suna da wani nau'in P da ya ɗan fi tsawo, ana ce masa P0. Da ido kake ganin bambancin a kan faifan gwajin.

Su waɗannan haruffan na layi, A da M da C da O, ba masu DNA ne suka fara su ba. Friedrich Ruttner ne, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken zuma ta Oberursel a Jamus, ya shafe shekaru yana auna jijiyoyin fiffike da tsawon harshe da gashi da launi, siffofi fiye da 30 a kan kowane ƙuda, a 1988 ya fitar da babban aikinsa. A na Afirka, M na yammaci da arewacin Turai, C na Italiya da yankin Balkan, O na Turkiyya da Kaukasus da Iran. Da gwajin maitokondiriya ya zo sai ya gaskata shi a mafi yawan wurare, abin a jinjina wa mutumin ne wallahi, da madubin ƙara girma kawai ya yi wannan aikin. Amma an yi masa gyara ma, misali ƙudan Maroko da Aljeriya da ya jingina su da na yammacin Turai, zoben uwa ya nuna 'yan A ne. Daga baya a 2001 aka ƙara layin Y daga Habasha. Namu na yammacin Afirka sunansu Apis mellifera adansonii, an sa musu sunan Michel Adanson wani Bafaranshe da ya yi bincike a Senegal.

Baba Na Gandu ya rubuta:

Malam Allah ya ƙara sani, na karanta har sau biyu. Mu da muka taso sarki muke ce mata, sarkin zuma, sai da malaman gona suka zo suka nuna mana ita ce mai yin ƙwai. To ashe gidan zuma duk ɗaki ɗaya ne.

Ni abin da na gani da idona a shekarun da na yi ina fataucin zuma da kaki, ƙudan da ke can arewa wajen iyaka inda ƙasa ta bushe sun fi ƙanƙanta kuma sun fi ja ja ɗin nan mai kama da rawaya, in ka gangaro kudu inda itace ya yi yawa sai ka ga sun ɗan fi girma. Kuma ko a gona ɗaya, amya biyu a kan ɗorawa ɗaya, wata in ka zo da hayaƙi kaɗan ta lafa, wata kuwa tun daga nesa za ta tare ka ta raka ka har bakin gari, ta kashe maka akuya in an ɗaure ta kusa. To tambayata wannan gwajin na zobe zai iya faɗa wa mutum wacce ce mai faɗa wacce ce mai sanyi? Dan in zai iya, wallahi ya yi mana amfani, mu rinƙa zaɓar wadda za mu raba. Sannan galla, 'yan ƙananan nan marasa harbi da ke zuma a kogon itace, su a wane layi suke?

'Yar Dakin Gwaji ta rubuta:

Baba sannunku da ƙoƙari, abin da kuka gani da ido daidai yake da abin da ke rubuce. A busasshen yankin Sahel, ta Chadi da Sudan har Yaman da Saudiyya da Oman akwai wani nau'i da ake kira jemenitica, yana cikin mafi ƙanƙanta a jikin ƙudan zuma kuma rawaya ne, inda ya haɗu da adansonii kuma suna barbarar juna ba wata katanga a tsakani. Galla kuwa ba 'yan Apis ba ne ma gaba ɗaya, wato babban gidan da ƙudan zuma suka fito, wani reshe ne daban na ƙuda marasa ƙari, dangi ne na nesa sosai, waɗannan haruffan ba su shafe su ba.

Amma maganar faɗa, a'a Baba zoben ba zai faɗa muku ba, kuma nan ne nake so mu yi hattara dan mutane da yawa har da ɗalibai suna ɗora wa wannan gwajin kayan da ya fi ƙarfinsa. Zafin rai da yawan zuma da son ƙaura da tsaftar gida duk a babban kundin cibiya suke, wanda maza 15 ko 20 suka zuba nasu a ciki. Zoben uwa zare ɗaya ne a cikin saƙa guda, zare ne mai kyau dan ba ya tsinkewa kuma ba ya cakuɗewa, amma ɗaya ne.

Malam Mai Amya ga labarin Burazil. Nahiyar Amurka da ba ta da irin wannan ƙudan zuman, Turawa ne suka kai, an sauke na farko a Bajiniya a 1622. Ƙudan Turai ba su yi abin kirki a zafin Burazil ba, sai a 1956 wani masanin gado ɗan ƙasar mai suna Warwick Kerr ya zo Afirka ya ɗebi sarauniyoyi, yawanci daga Afirka ta Kudu da kuma Tanzaniya, da niyyar a haɗa iri a samu mai jure zafi. A 1957 a kusa da Rio Claro a jihar Sao Paulo aka cire ragar da ke hana sarauniya fita, gungu 26 suka gudu daji. Daga nan fa sai yaɗuwa, kilomita ɗaruruwa a shekara, suka ratsa Amazon, suka shiga Meziko a tsakiyar shekarun 1980, a watan Oktoba 1990 aka kama gungun farko a Hidalgo a jihar Teksas. Ta kudu kuma sanyin Ajantina ne ya taka musu burki. Wani abu da zai ba ka sha'awa, shekaru da dama ana rubuta su da sunan adansonii wato sunan namu, sai daga baya aka tantance cewa scutellata ne na gabashi da kudancin Afirka. Ke nan ba daga amyoyinmu aka ɗebe su ba, amma layin A ɗaya muke, kaman a ce 'ya'yan wa da ƙani.

To a lokacin an yi ta gardama, wasu na cewa ai mazan Afirka ne ke barbarar sarauniyoyin Turai a gonakin masu kiwo, jinin na tafiya a hankali yana tsarma, kafin ya kai Amurka ya yi sanyi. In haka ne ya kamata a ga zoben Turai a ƙudan dajin. A 1989 ƙungiyoyi biyu, ta Deborah Smith da ta Glenn Hall, suka fitar da sakamako a mujallar Nature, ƙudan dajin daga Burazil har Meziko kusan duka zoben Afirka suke ɗauke da shi. Ma'ana uwayen ne da kansu suka yi tafiyar, gungu ya haifi gungu, 'ya ta gaji uwa, shekara 30 da wani abu ba a yanke ba. Ni duk sanda na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi, tsirarun sarauniyoyi ne fa suka cika nahiya guda. Kuma dan a ga zafin rai ba a zobe yake ba, 'yan wannan zuri'ar da suka shiga tsibirin Fotoriko a 1994 yanzu masu sanyin hali ne, ana aiki da su kaman na Turai alhali asalinsu na nan.

Wani misalin shi ne Sifaniya da Fotugal. Ƙudan can nau'i ɗaya ne, iberiensis, amma in ka bi zobe, arewa maso gabas M ne, kana gangarowa kudu maso yamma A na ƙaruwa har ya rinjaya. Tsibirin Sisili da Malta ma akwai zoben A. Uwayen Afirka sun tsallaka tun da daɗewa, amma in ka duba babban kundi na ƙudan Sifaniya sai ka ga 'yan M ne. Wanda ya tsaya a zobe kaɗai zai ce ƙudan kudancin Sifaniya irin namu ne, kuma ba haka ba ne.

Batun ko daga Afirka duka suka fito, wannan gardama ce da ake kan yi, kuma gwara in kawo maka ita yadda take. A 2006 Charles Whitfield da abokan aikinsa suka duba alamomi sama da dubu a babban kundi suka ce tushen a Afirka yake, daga nan aka fita zuwa Turai da Asiya. Wannan ne ya bazu har ya zo kunnenka. Kafin wannan binciken, su Ruttner da su Garnery Gabas ta Tsakiya ko arewa maso gabashin Afirka suka nuna. A 2014 masu bincike a Uppsala ta Suwidin suka karanta cikakken kundi suka ce ba su ga hujjar Afirka ba, suka kuma ƙiyasta rabuwar manyan layukan da kimanin shekara dubu 300. A 2021 ƙungiyar Amro Zayed a jami'ar York ta Kanada ta duba ƙuda 251 daga nau'i 18 ta ce yammacin Asiya ne. A 2023 kuma Steven Carr ya yi amfani da cikakken zoben maitokondiriya kaɗai ya ce Turai. Ni a nawa ganin ɓangaren Asiya ya fi nauyi, dalili kuwa duk sauran 'yan gidan Apis, cerana da dorsata da florea da sauransu, asalinsu a Asiya yake, mellifera, wato irin namu da na Turai, shi ne kaɗai ya fita, kuma ba na sakin jiki da bishiyar da aka gina a kan zobe shi kaɗai. Abin da kowa ya yarda da shi dai shi ne ƙudan Afirka sun fi na ko'ina yalwar bambancin gado, dan ƙanƙarar da ta rufe Turai ta matse nasu a 'yan lunguna a Sifaniya da Italiya da Balkan, namu kuwa ba su taɓa shiga wannan ƙuncin ba kuma har gobe yawancinsu a daji suke ba a akwati ba.

Mai Amya ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Malam da Malama da Baba na gode ƙwarai. Maganar li'ummai ɗin nan ta zauna min daram. To tunda an zo nan bari in fito da abin da ke cikina, akwai wanda yake ta zuga ni in haɗa kuɗi mu yi odar sarauniyoyi 'yan Italiya daga waje, wai ba sa faɗa kuma zumarsu ta ninka tamu, har ya ce in mun kawo za mu iya kai ƙuda a gwada a ba mu takarda cewa irin Italiya ne tsantsa mu rinƙa sayar da 'ya'yan. In na fahimci bayaninku wannan takardar ba za ta nuna komai ba kenan bayan an ɗan jima? Ku fayyace min kafin in saka kuɗina.

Malamin Bayoloji ya rubuta:

Ka gane sarai Malam, bari mu yi lissafin tare. Ka kawo sarauniya 'yar Italiya wadda aka riga aka barbara a can, ka sa ta a akwati, in sun karɓe ta to cikin wata biyu ma'aikatan duk 'ya'yanta ne, Italiya ciki da waje. Ranar da ta tsufa ko ta tashi da gungu sai 'yarta ta hau, ita ma Italiya ce tsantsa amma barbara a samanmu za ta yi, kuma mazan da ke saman nan namu ne na kogon kuka da amyoyin maƙwabta, dubbai. 'Ya'yanta rabi da rabi ke nan, kashi 50. Jikanya ta hau ta sake fita, ya koma 25. Ta gaba 12 da rabi. A ƙasa mai zafi kuma sauyin sarauniya ba ya jimawa. To duk wannan tafiyar zoben bai motsa ba, C ne, Q ɗaya babu P, in ka kai gwaji takarda za ta ce layin Italiya alhali ƙudan da ke cikin akwatin kusan kashi 90 namu ne, da halinsu da harbinsu. Wanda ka sayar wa da wannan takardar ka cuce shi ko da ba ka yi niyya ba.

Akwai kuma ɗaya gefen da ya fi damuna. Mazan da sarauniyar Italiya za ta haifa Italiya ne tsantsa tunda ba su da uba, za su fita su barbari sarauniyoyin Baba Na Gandu da na daji, su zuba gadonsu a can, kuma gwajin zobe ba zai taɓa ganin sawunsu ba dan namiji ba ya miƙa zobe. Ƙudan Turai an gina su ne a kan tara abinci dan hunturu mai ƙanƙara, su zauna wuri ɗaya komai wuya. Namu an gina su a kan rani da kwari da gobarar daji, in wuri ya ɓaci su tashi su bi fure, ma'aikaciyarsu ma tana ƙyanƙyashewa da kwana ɗaya ko biyu kafin ta Turai mai kwana 21. Wannan ƙaurar da ke ba masu kiwo haushi ita ce ta raya su. Sannan ga varroa, ɗan ƙwaron nan mai maƙalewa a jikin ƙuda, da ya durƙusar da kiwon zuma a Turai da Amurka sai da magani, an gan shi a Afirka ta Kudu a 1997 da Kenya a 2009 amma ƙudan Afirka sun jure shi ba tare da an bi su da magani ba. Ni dai ba zan ba ka shawarar ka sa kuɗinka a nan ba. Abin da Baba ya faɗa shi ne hanya, ka sa ido a akwatunanka 12, wadda ta fi sanyin hali da cika saƙa kuma ba ta gudu da rani ka rinƙa raba ta, mai tare mutane a hanya ka sauya mata uwa daga waccan.

Ɗan Omdurman ya rubuta:

Salam daga Sudan, ina bin zancen nan da daɗi. In ƙara muku wani abu kan kawo ƙuda daga waje. Mu nan akwai wata 'yar ƙaramar zuma da ke saƙa ɗaya tal a fili a jikin reshe, ba ta shiga kogo, Apis florea, asalinta Asiya ce da gefen tekun Fasha. A 1985 aka fara ganinta a Khartoum kusa da filin jirgi, yanzu ta bi kogin Nilu ta bazu, a lambuna da cikin gari ita ka fi gani, zumarta kaɗan ce. Ba ta barbara da tamu dan jinsinsu daban, amma fure ɗaya suke ci. Kuma shi varroa da Malam ya ambata, shi ma da zoben maitokondiriya aka gano shi, a shekarar 2000 Anderson da Trueman suka nuna wanda ke kashe ƙudan duniya ba jinsin varroa da ake kira jacobsoni ba ne kaman yadda aka ɗauka shekara da shekaru, wani jinsi ne daban suka sa masa destructor, asalinsa a jikin cerana yake a gabashin Asiya, ya tsallako kan mellifera ne bayan mutane sun kai akwatunansu can.

Mai Amya ya rubuta:

Toh alhamdulillah, maganar oda na ajiye ta, gobe zan faɗa wa mutumin. Yaron ya ce zai dawo bayan sallah ya ƙara ɗiban samfur, zan kai shi wata tsohuwar kuka a bayan gonarmu da zuma ke cikinta tun ina yaro ba a taɓa rasa ƙuda a kogon ba, ina so ya gwada ya gani ko zobensu ɗaya da na akwatina na uku dan ina zargin daga can gungun ya zo. Baba Na Gandu in kuna da amya a can wajen iyaka ku turo min saƙo ta akwatin sirri, sai in haɗa ku da shi ya zo ya kama ɗaya ɗaya a ƙananan jajayen nan naku.